Ruwan taki: bokitin da ke bayan kicin ɗina

Jiya da safe bayan na sallami yara makaranta na zagaya bayan kicin na ɗaga yadin da ke bakin bokitin da nake jiƙa taki a ciki, ruwan ya yi kalar shayi ba madara irin wanda ganyen ya ɗan jima a ciki, na sunkuya na shinshina sai ƙamshin ƙasa ya bugi hancina, irin ƙamshin nan na ranar da ruwan farko ya sauka bayan an sha zafin bazara. Da na ji haka na san ya yi. Na tsame ƙullin takin na matse, na tace ruwan, da yamma bayan la'asar na bi buhunan tumatir da attaruhu da alayyahu ɗaya bayan ɗaya na ba kowa rabonsa. Wannan aikin na fi ƙaunarsa a duk hidimar shukar da nake yi, kuma shi ne mata suka fi tambayata a kai in sun shigo gidan suka ga ganye shar a tsakar gidan da ko'ina siminti ne.

Gidan haya muke a nan Kano, tsakar gidan an shafe ta da siminti tas babu ko taku ɗaya na ƙasa, to da sha'awar shuka ta kama ni a ƙarshen daminar 2023 sai na koma ga buhu, buhunan shinkafa da na siminti da tsofaffin bokitan fenti, na huhhuda gindinsu na cika da ƙasa. Lokacin an cire tallafin mai a watan Mayu komai ya tashi, kayan miya kam ba a magana, takin zamani kuma dama tun 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren kuɗinsa ya yi sama bai sauko ba. Watan farko shukar ta yi kyau abin sha'awa, ana shiga na biyu sai ganyen ƙasa-ƙasa ya fara yin rawaya, tumatir ya tsaya cak ba ya gaba ba ya baya. Dalilin kuwa a fili yake, shukar da ke gona saiwarta tana tafiya neman abinci duk inda ta ga dama, ta buhu kuwa iyakacinta buhun nan, kuma duk ban ruwan da kika yi ruwan da ke tsiyayewa ta hujin ƙasa yana tafiya da wani abu na abincin. A zafin Kano da sai an ba su ruwa safe da yamma, kin ga kullum ana wanke ƙasar ne sau biyu.

Na je na auno yuriya a gwangwani na barbaɗa a gindin attaruhu, kwana biyu bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe, buhu huɗu suka tafi. Yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinta naitorojin ne, abu ne mai ƙarfi sosai, abin da za a watsa a kunya guda a gona in kika zuba shi a ɗan buhu ai ya zama wuta. Ranar na ji ciwo ƙwarai don tun suna iri nake renonsu a cikin kwandon ƙwai.

Ana haka Kawuna ya zo daga wajen Bichi ganin likita ya kwana biyu a wurinmu. Manomi ne tun tashinsa. Da safe ya zagaya buhunan hannunsa a baya, ya tsuguna ya tona ƙasar buhu ɗaya da yatsa ya murza, sai ya ce "Ke 'yar nan, wannan ƙasar taki ai yunwa take ji, kuma mai jin yunwa ba a ɗura masa, kamar marar lafiya ne da kunu, cokali-cokali ake ba shi." Na ce "To Kawu yaya za a yi, ni ba gona gare ni ba balle in kai taki." Ya ce su da can in suna renon dashen barkono ko taba a bayan gida, ruɓaɓɓen taki suke ƙullewa a tsumma su jefa a tsohuwar randa, ya kwana biyu uku, su riƙa ɗiban ruwan suna ba 'yan shukar. Ya kuma ba ni labarin yadda da rani jakai ke shigowa birni da itace da kara, in za su koma a cika mangala da takin bola da na turke a kai gona, ya ce da wannan takin ne gonakin kewayen Kano suke ba da hatsi shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Kalma ɗaya ya yi ta nanatawa, ruɓaɓɓe, ruɓaɓɓe, ni kuwa a lokacin kunnena bai riƙe ta yadda ya kamata ba.

Bayan tafiyarsa na samo kashin kaji ɗanye sharaf daga wurin wata mai kiwo a layinmu, na zuba kusan rabin bokiti na cika da ruwa na rufe ruf da murfi na bar shi sati guda, a tunanina gwargwadon daɗewarsa gwargwadon ƙarfinsa. Ranar da na buɗe wallahi sai da na ja da baya, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da na kwata, ruwan baƙi ƙirin da kumfa a sama. Hajiya maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce "Maman yara lafiya, ko sokawe ɗinku ne ya fashe?" Na ba ta haƙuri sosai don gaskiya haƙƙin maƙwabtaka ne na shiga. Duk da haka na zuba wa alayyahu ba tare da na sirka ba, washegari ya kwanta, kwana uku ya bushe. Abu biyu ne suka haɗu, ɗanyen kashin kaji cike yake da amoniya da gishiri-gishiri masu ƙona saiwa, sannan rufewar da na yi ta hana iska shiga, ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba iska su ne suka mamaye ruwan, su ke kawo wannan warin. Abin da ya fi tayar min da hankali daga baya ma ba alayyahun ba ne, tunanin cewa ɗanyen kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da ikolai masu kawo gudawa da amai, ni kuma na watsa shi a kan ganyen da yarana za su ci, kuma a tsakar gidan da autana ke rarrafe.

Tun daga ranar na gane ruwan taki daga tsibin taki yake farawa, in takin bai nuna ba babu dabarar da za ta gyara ruwan. Shi ya sa zan ɗan jima a nan.

A lungun bayan kicin na jera tsofaffin bulo na yi ɗan akurki, faɗinsa da tsawonsa kamar mita ɗaya-ɗaya, don in tsibin ya cika ƙanƙanta ba ya ɗaukar zafi. A ƙasa na shimfiɗa karan dawa da aka sassara don iska ta samu hanya. Daga nan sai hawa-hawa, busasshe sannan ɗanye, busasshe sannan ɗanye. Busasshen su ne ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya da nake sa yara su sharo min a ƙofar gida, karmami, yagaggen kwali, da ɗan ɓuntun shinkafa amma kaɗan don shi ɓuntu yana da taurin kai yana daɗewa bai ruɓe ba. Ɗanyen kuma su ne tsinkakken kayan miya, ɓawon dankali da na doya da na ayaba, jijiyar alayyahu da ta zogale bayan an tsinke, ganyen shayin da aka gama da shi, sai kashin awaki da na kaji. Busasshen nake sa ya ninka ɗanyen sau biyu ko uku, in ɗanye ya yi yawa sai ya caɓe ya yi wari ƙuda su taru, in busasshe ya yi yawa kuma sai ya zauna wata da watanni kamar yadda kika zuba shi. Toka ina barbaɗa ɗan kaɗan ne can ba a rasa ba, in ta yi yawa a kan kashin kaji za ki ji warin amoniya na tashi, to naitorojin ɗin ne ke gudu cikin iska.

Nama da ƙashi da miya mai mai ba na sawa, ɓeraye suke kira. Kashin kyanwa da na kare haram ne a tsibina, haka ruwan wanki mai omo. Kuma duk da labarin Kawu na takin bola, ni ba na ɗebowa daga bolar unguwa, don bolar zamaninsu toka ce da shara da kashin dabbobi, ta yanzu kuwa batir ne da leda da famfas da fasassun kwalabe da ragowar magunguna, ba zan jiƙa wannan in ba abin da za mu ci ba.

Laima ita ce ta fi ba ni aiki, musamman da hunturu da iskar nan ke busar da komai cikin yini ɗaya. Gwajin da nake yi shi ne in damƙi takin in matse a hannu, in ya dunƙule kuma ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu to daidai ne, in ya wargaje ya bushe ke nan sai in yayyafa ruwa, in kuma ruwa ya zubo to ya yi yawa sai in ƙara ɓawon gyaɗa in juya. Ina rufe saman da tsohon buhun algarara. Akwai guntun rodi da na soke a tsakiyar tsibin, bayan kwana uku huɗu da haɗawa in na zaro shi na kama sai in ji zafi har ba na iya riƙe shi da daɗewa, da sanyin asuba ma har tururi za ki ga yana tashi in an buɗe. Wannan zafin shi ake nema, in ya kai digiri 55 ya kwana uku a haka yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, amma tsakiya ce kawai ke kaiwa, shi ya sa duk sati nake juyawa da shebur in mai da na gefe ciki na ciki gefe. Wata biyu zuwa uku yake ɗauka a wurina, in bai yi zafi sosai ba in ƙara masa wata biyu ba na gaggawa. Alamar ya nuna kuwa ba ta ɓuya, rodin zai huce ko an juya ba ya sake zafi, tsibin zai sauka kusan rabi, kalar ta koma baƙi-baƙi, ba za ki iya nuna ɓawon ayaba ko kashin akuya ki ce ga shi ba, kuma ƙamshinsa na ƙasa ne zalla. Wani lokaci za ki tarar da gwazarma a ciki, ni tsince su nake in watsa wa kajin Hajiya, ta haka ma muka ƙara shiri.

To haɗa ruwan shi ne mai sauƙin. Bokitin fenti mai lita 20 nake amfani da shi, na ware shi don wannan aikin kawai, haka muciyar da nake juyawa da ita ba ta komawa kicin. Ina auna taki kashi ɗaya ruwa kashi biyar, wato kamar lita 3 na taki a ruwa lita 15, in bar sarari a sama don juyawa. Takin ina tankaɗe shi a rariya mai manyan ido sannan in ƙulle a tsohuwar rigar filo in ɗaure bakin da igiya in rataya a jikin sandar da na gicciya a bakin bokitin, ƙullin yana lilo a cikin ruwan bai taɓa ƙasa ba. Kada a ɗaure shi tamau, a bar shi sako-sako ruwa ya riƙa ratsawa.

Ruwan da za a sa ma da magana. Na sama ya fi kowanne, da damina har baho nake tarawa. Na rijiya da na bohol ba laifi. In na famfo ne mai warin kilorin sai in tara shi a buɗe ya kwana ya yini tukuna, don shi kilorin an zuba shi ne ya kashe ƙwayoyin halitta, mu kuma masu amfanin cikinsu muke son su rayu. Na 'yan garuwa ma haka nake masa in na ji ƙamshin magani.

Sai juyawa, kuma nan ne mutane ke sakaci. Ni da lokutan salla na haɗa shi don kada in manta, bayan asuba, bayan azahar, bayan la'asar, sai kuma kafin in kwanta. Ina juyawa da ƙarfi har ruwan ya yi rami a tsakiya sai in juya ta ɗaya ɓangaren ya hautsine, in ɗaga ƙullin in tsoma in ɗaga in tsoma kamar sau goma, wani lokaci ma in ɗebi ruwan da kofi in ɗaga hannu sama in zubo shi kamar yadda mai shayi ke fifita shayi. Duk don iska ta shiga ne. A inuwa nake ajiye bokitin saboda ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai, shi ya sa da bazara, Maris zuwa Mayu, kwana biyu kawai nake ba shi, da hunturu kuma ya kai uku ko huɗu. Ba na rufewa da murfi, guntun tsohon gidan sauro nake ɗaurawa a baki da roba, iska na shiga sauro ba ya shiga. Wannan kam kada a yi wasa da shi, sauro daga ƙwai zuwa mai fiffike sati ɗaya zuwa kwana goma ne a lokacin zafi, ba zai yiwu garin neman ganyen miya mu yi kiwon zazzaɓi a bayan ɗaki ba.

Hanci shi ne alƙali. Ƙamshin ƙasa, a yi amfani da shi. Tsami-tsami ko warin kwata, a mai da shi kan tsibin taki a rufe da busasshen ganye a sake sabo, ba asara ba ce tunda can ɗin ma zai koma taki.

Akwai masu sa ɗan injin iska irin na masu kiwon kifi, ya yi ta ɓulɓula iska a ruwan awa 24 zuwa 36, kuma a ƙasashen waje irin wannan ne ya fi tashe. Na gwada da na aro, ruwan yana yin kyau yana kumfa mai tsabta, amma sharaɗinsa kada iskar ta tsaya, ga kuma halin wutarmu, sai mai sola. Kuma in an kashe injin cikin 'yan awoyi ake so a yi amfani da shi. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne zuba sukari ko mazarƙwaila ko ruwan rake wai don ƙwayoyin su hayayyafa. Haka ne suna hayayyafa, amma sukari ba ya tambayar wane ne mai amfani wane ne mai cutarwa, in akwai ragowar salmonela ko ikolai a takin su ma ninkuwa za su yi, in kuma aka ɗauke wuta cikin dare iskar da ke ruwan za ta ƙare nan da nan ki wayi gari da bokitin wari. Ga mai shukar gida da yara ke yawo a tsakani, taki da ruwa da muciya sun wadatar.

Ranar da na tace ranar nake amfani da shi, ba na ajiyewa a jarka. Ina sirkawa, kofi ɗaya na ruwan taki kofi uku na ruwa ga manyan shuka, har kalar ta koma kamar shayin da aka yi wa yaro, ana ganin gindin kofi. Ga 'yan dashe da ba su fi ganye huɗu ba kuwa ɗaya cikin goma nake yi. Kullum da yamma rana ta yi sanyi, kuma sai na fara ba su ruwa zalla ƙasar ta jiƙe tukuna, don in ƙasar buhu ta bushe ƙamas takan janye daga jikin buhun, duk abin da kika zuba ta gefe zai zurare ya fita ta ƙasa saiwar ba ta samu komai ba. Babban gwangwanin tumatir ɗaya nake ba kowane buhu, a hankali a kewayen gindin, ba a kan ganye ba. Duk kwana goma zuwa sati biyu. Tumatir da attaruhu da kuɓewa na fi matsa musu lokacin da suka fara fure, alayyahu da rama da yakuwa kuma duk bayan na yanka sai in ba su don su sake tofowa. Tuƙar da ta rage a ƙullin ba ta zama shara ba, a saman buhunan nake baza ta in rufe da ɓawon gyaɗa.

Ganyen da ake ci ɗanye na fi taka-tsantsan da su, salak da kabeji da na'a-na'a da ganyen albasa. Su ko ruwan takin da na yarda da shi ba na bari ya taɓa ganyensu, kuma in ya rage sati biyu in cire sai in daina ba su gaba ɗaya. A Amurka dokar noman da ba a sa takin zamani ta ce in an zuba ɗanyen kashin dabba a gona sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. To ki duba alayyahun da ake fara yanka cikin sati huɗu ko biyar, ko salak da bai kai wata biyu ba, kin ga ɗanyen kashi ba shi da gurbi a wurinsu sam. Bayan na gama ina wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, kuma ganyen ma sai an wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya ko faranti.

Yanzu maganar da nake so a ji ni da kyau. Ina ganin bidiyoyi a Facebook da TikTok ana cewa ruwan taki yana maganin kowace cutar shuka, yana korar ƙwari, yana ninka amfani, har wasu na ɗura shi a gora suna sayarwa. Abin yana ɓata min rai saboda mace za ta sayi gorar da ta yi wata a rufe a rana, ta zuba, ba ta ga komai ba, sai ta yanke ƙauna da shukar gaba ɗaya ta ce hannunta ne ba shi da albarka. Gwaje-gwajen da masana suka yi kan fesa shi a ganye don hana cuta sakamakonsu bai zo ɗaya ba, wani wuri ya rage cutar wani wuri bai yi komai ba. Ƙwari kuwa ba ya kashe su. Tsutsar nan ta tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a Kadawa da sauran wurare a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta shigo min buhuna bara, a cikin naman ganyen take zama tana cin hanya fari-fari, na ba su ruwan taki yadda na saba ko gezau, sai da na bi ganyen da ta kama ɗaya-ɗaya na tsinke na ƙona sannan na samu sauƙi. Darɓa ma da ruwan sabulu kaɗan da jiƙon 'ya'yan darbejiya nake fama da ita, ba da wannan ba.

Abin da ruwan taki ke yi, wanda na gani da idona, shi ne yana kai wa saiwa ɗan abincin da ya riga ya narke ta samu nan take ba tare da ya ƙona ta ba, yana kuma mai da wa ƙasar buhu 'yan halittun da wankin kullum da zafin siminti ke ragewa. Abincin cikinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da takin zamani NPK 15-15-15, ƙarfin takin yana nan a jikin takin. Na taɓa jera buhu shida na alayyahu iri ɗaya rana ɗaya, biyu ƙasa zalla ina ba su ruwan taki, biyu na cakuɗa ƙasar da taki kashi ɗaya cikin uku ina ba su ruwa kawai, biyu kuma na haɗa musu duka. Na ƙasa zallan sun fi yadda na saba gani kore amma sirara ne, yanka biyu suka gaji. Masu taki a ƙasa sun ninka su kauri. Waɗanda na haɗa wa duka biyun ba su fi su girma can-can ba a yankan farko, bambancin sai a yanka na uku da na huɗu ya fito, su suna ta tofowa da faɗin ganye sauran kuma sun fara ƙanƙancewa. Daga nan na daina cika buhu ba taki, komai ƙarancinsa, kuma in takin da ke hannuna bai isa duka biyu ba to a ƙasa nake zuba shi in haƙura da bokitin.

Da na ba Kawu wannan labarin a waya dariya ya yi ya ce ai mutanen Nijar sun riga ni, ya kawo min zancen tassa da ake yi a wajen Illela ta jihar Tawa, inda ƙasa ta mutu ta zama faƙo, manomi ya haƙa 'yan ramuka da rani ya zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu a kowanne, gara ta zo cin takin ta huhhuda ƙasar, ruwan sama ya taru a ramin ya nutse, a shuka gero a ciki ya yi. A Burkina Faso "zai" suke ce masa, shi ne aikin da ya fito da sunan wani manominsu, marigayi Yakuba Sawadogo. Daga wannan hirar na ɗauki wata 'yar dabara, yanzu a kowane buhu ina yin ɗan gurbi a gefe nesa kaɗan da gindin shukar, in cusa taki cikin tafi ɗaya in rufe, to a wannan gurbin nake zuba ruwan takin, yana nutsewa a hankali ba ya malala.

Hajiya ma yanzu tana da buhu takwas a nata gidan, ita ke ba ni kashin kaji ni kuma in ya nuna in raba mana. Shekaranjiya ta aiko jikarta da kofi a rufe da leda wai in shinshina mata ko nata ya yi, na shinshina na ji ɗan tsami, na leƙa ta katanga na ce "Hajiya kwana nawa ya yi?" ta ce biyar, kuma jiya ba ta juya ba sun tafi suna. Na ce ta mai da shi kan tsibi, gobe in Allah ya kai mu bayan asuba zan miƙo mata rabin nawa don kuɓewarta ta fara fure bai kamata ta jira ba.